Sanyin da Muka Biya Ba Mu Sha Ba

A shekarata ta huɗu a Doha muka koma wani fulat a Al Sadd, mu biyar, ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu. Kafin nan a Al Rayyan nake zaune, a gidan da kamfaninmu ya kama wa direbobi, inda babu ruwan mutum da takardar wuta ko ta ruwa. Da kamfanin ya daina ba da gida ya koma ba da kuɗin haya, sai kowa ya shiga neman wanda zai haɗa da shi.

Aikina tuƙin bas ne. Ina ɗaukar ma'aikata in kai su wurin aiki, in dawo da waɗanda suka tashi. Ƙarfe biyar na asuba nake barin gida, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata ya san ba na jiran mutum fiye da minti biyu. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma tun tasowata nake son abu ya tafi bi da bi, na farko kafin na biyu. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da aka damƙa wa sha'anin gidan.

Cikin sauran huɗun, biyu 'yan Bauchi ne, wa da ƙani, suna aiki a kicin ɗin wani otel, su fita da safe sai bayan isha. Na uku Bakano ne mai tuƙa tasi, wanda tun ranar da ya ji ni mutumin Zariya ne bai sake barina na huta ba. Na huɗu shi ne dattijon da duk muke ce wa Baba, mutumin wajen Funtuwa, ya doshi sittin, yana gadin wani sito da dare. Shi kaɗai ne yake shigowa gida bayan mu mun fita. Ɗakinmu ɗaya da shi, amma sai mu yi kwana uku ba mu haɗu a cikinsa ba.

Wuta da ruwa suna cikin kuɗin haya. Sanyi ne aka ware daban. Ginin ba shi da irin esin nan mai akwati a taga. Wani kamfani ne yake turo ruwan sanyi ta bututu zuwa kowane fulat, iska ta bi ta kansa ta fito ta rufi, makunni ɗaya a bango ya riƙe gidan duka. Kowane fulat da yarjejeniyarsa da kamfanin, da sunan mutum ɗaya, kuma ba sa karɓar kuɗi a hannu. Sai dai ka sa hannu banki ya riƙa cire musu kai tsaye daga asusunka kowane wata. Da sunana aka yi, don albashina ne ba ya latti.

Takardar shafi takwas ce, gefe Larabci gefe Turanci. Na duba abu uku: sunana, lambar fulat, da adadin kuɗin. Na ga duk daidai, na sa hannu, na sa ta a ambulan na ajiye a ƙasan akwati.

Shekara ta zagayo lafiya. Farkon kowane wata alat yake shigowa wayata cewa an cire, da yamma kowa ya miƙo mini kasonsa. A watan Yuni alat ya shigo ina jiran ma'aikata a bakin ƙofa, na duba, na ga an ƙara kusan rabin abin da aka saba cirewa.

Ban kira kamfanin ba, ban kuma ɗauko takardar ba. A ganina babu abin tambaya, domin sha'anin mita na san shi tun daga gida. A gidanmu na Tudun Wada mun yi shekaru ana kawo mana takardar wuta ta ƙiyasi, ko an ba da wutar ko ba a bayar ba, har na yi ta zirga-zirga aka sa mana mita mai kati. Daga ranar na riƙe abu ɗaya: inda akwai mita, abin da ka sha shi za ka biya. Na sauya ƙwayayen fitilun gidan, na hana dafa ruwa da hita, kati ya riƙa kai mu ƙarshen wata. To a nan ma akwai mita. Kusa da lifta akwai 'yar durowa a bango, a ciki kowane fulat da tasa, lambobi suna tafiya. Tunda akwai mita kuma kuɗi ya hau, mu ne muka sha da yawa. Zafi ya shigo, mun saki jiki.

Juma'a ce kaɗai take haɗa mu. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a falo kan tiren shinkafa. Na bari aka ci aka wanke hannu, sannan na nuna musu alat ɗin, na ɗauko takardar da na rubuta. Na farko, daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma esi a kashe yake. Na biyu, in an kunna, kada wanda ya sauke lambar ƙasa da inda na sa ta. Na uku, na sayo fanka ta tsaye saboda Baba, tunda shi ne a gida da rana. Bakwai yake shigowa, wato yana da awa biyu na sanyi har barci ya kama shi, sauran fanka ta ƙarasa.

"Allah ya taimaki ministan sanyi," in ji Bakanon. "Yanzu in zufa ta karyo wa mutum biyar saura kwata, wane ofis zai kai takarda?"

"Sai ya jira kwatar," na ce.

"Bazazzage ke nan. Ku dai a ba ku biro da takarda, shi ke nan kowa ya shiga uku." Ya juya wurin dattijon. "Baba, kai fa abin ya shafa, mu duk muna waje. Ka yi magana."

Baba yana goge hannu da tawul, bai ɗago ba. "Duk yadda kuka tsara daidai ne. Malam ya fi mu sanin takarda. Kuma daga aljihunsa ake fara cirewa, bai kamata mu bar shi da nauyi ba."

Malam yake ce mini, ko da yake a haife ya haife ni.

Na manna takardar kusa da makunnin. Ban sa kwado ba, ban rufe komai ba. Makunnin yana nan a fili, taku kaɗan daga ƙofar ɗakinmu.

Kowace asuba in zan fita sai na buɗe durowar nan na leƙa. Lambobin sun rage gudu sosai, na ji daɗi. Da alat ɗin Yuli ya shigo, daidai yake da na Yuni, ko riyal ɗaya bai ragu ba. Na ce wata ɗaya suke baya, na tsohon shan ne suke cirewa. Na Agusta ma ya zo haka. Wannan karon na ce watakila akwai wani mataki da sai an sauka ƙasa da shi kafin su rage, mu kuma muna gab da shi. Na gyara takardar, tara ta koma takwas. Na faɗa wa Baba, ya ce to.

Akwai abin da ban sa a tsarina ba. Ni ban taɓa wuni a fulat ɗin ba in ba Juma'a ba, ita kuma Juma'a na cire ta daga dokar saboda kowa yana gida. Wunina a cikin bas nake yi, esi yana bugun ƙeyata, zafin Agusta ta gilashi nake ganinsa. Wanda bai zo nan ba zai ɗauka irin zafin bazararmu ne, wanda in ka samu inuwa ka yayyafa ruwa a ƙasa za ka yi barci. Wannan daban ne. Iskar kanta a jiƙe take da gumin teku, in ka buɗe taga sai ta shigo kamar tururin tukunya. Tagogin ginin namu ma ba sa buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu.

Wata yamma Bakanon ya same ni ina wanke kwano a kicin. Bai ce mini minista ba, bai ce Bazazzage ba.

"Yau na ga Baba," ya ce.

"Ni ma na gan shi, yana ɗaki yana shiri."

"Ba nan ba. Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a matsayar bas ta bakin babban titi, irin mai gilashi da esi a ciki. Yana zaune a kan bencin ƙarfe, ya jingina kai, baki a buɗe. Na kai fasinja na dawo bayan awa guda, yana nan yadda na bar shi."

Na ɗauraye hannu na shiga ɗaki. Baba yana ɗaura igiyar takalmi. Na tambaye shi, ya ce katin waya ya fita saye, ƙafa ta gaji ya ɗan zauna. Na karɓi wannan amsa saboda ita nake so in ji.

Bayan kamar kwana goma na dawo da yamma na same shi zaune a bakin gado cikin kayan aiki, yana jirana. Ya miƙo mini wata takarda a ninke.

"Malam, duba mini wannan. Sun ce in sa hannu na sa, amma ban san me na sa wa ba."

Baba yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, Turanci ne bai yi ba. Na karanta. Mai zagayen duba masu gadi ya same shi yana barci a bakin aiki. Gargaɗi na biyu ke nan, na uku sallama ce.

"Baba, wannan ta biyu ce. Ina ta farko?"

"Tana cikin akwati. Ita wani ɗan Sudan da muke aiki tare ya karanta mini."

"Yaushe aka ba ka?"

"Watan jiya."

Shekara tara yana gadin nan ba a taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Ni da shi duk mun san abin da sallama take nufi. Kafil, wato kamfanin da ya tsaya masa, zai soke takardar zamansa, a ba shi tikitin komawa gida, kuma a shekarunsa babu kamfanin da zai ɗauke shi sabo. Yana da 'ya'ya uku a makaranta a gida, gadin nan ne yake riƙe da su.

"Barcin rana ne ba ya isarka?" na tambaye shi.

"Tsufa ne, Malam. Ido ya fara nauyi." Ya karɓi takardarsa, ya sa hula ya fita.

Na daɗe a tsaye gaban makunnin. Na san amsar. Amma na ce saura kwana kaɗan alat ɗin Satumba ya shigo, in an rage sai in ƙara masa awa biyu daga cikin abin da aka rage. Haka na tsara, haka kuma nake rubuta shi, ba zan gyara ba.

Kwana biyu bayan nan aka karɓi motata za a yi mata sabis, aka sallame ni da azahar. Karo na farko ke nan da na dawo gida da rana a ranar aiki. Na buɗe ƙofa, zafi ya tare ni a fuska kamar na ɗaga murfin inji bayan doguwar tafiya. Kafin in cire takalmi rigata ta manne a baya.

Baba yana kwance a kan tayil a bakin banɗaki, daga shi sai singileti da wando, jiƙaƙƙen tawul a ƙirji, bokitin ruwa a gefe, fankar da na saya tana juya masa iska mai zafi. Ba barci yake ba. Idonsa biyu, sun yi ja. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, yana jawo tawul yana rufe kafaɗa.

"Malam, yau da wuri?"

"Kwanta, Baba."

Na wuce wurin makunnin. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Na kunna, na sauke lambar har ƙasa.

"Ai lokaci bai yi ba," ya ce daga inda yake.

Ya sake yunƙurawa ya miƙe, sai na ga ya dafa bango. Ya ce kansa ne yake ɗan sarawa. A hawa na biyu akwai wata nas, mutuniyar wajen Kafanchan, tana zaune da mijinta da yara biyu. Duk masu jin Hausa a ginin Sista muke ce mata, kuma ita ce take auna wa Baba jini lokaci zuwa lokaci. Na sauka na ƙwanƙwasa, aka yi dace aikin yamma take da shi. Ta ɗauko abin awo ta biyo ni.

Tana shiga ta tsaya. "Esinku ya lalace ne?"

"Yanzu na kunna."

Ta wuce ciki. Ta durƙusa ta ɗaura wa Baba abin awon, ta duba, ta sake aunawa. Ta ce in kawo ruwa da ɗan gishiri da sukari.

"Baba, jinin nan ya hau. Yaushe rabonka da barcin kirki?"

"Ina yi, 'yata."

"Kana yi. Ga idonka nan ma yana ba da shaida."

Da ta miƙe sai idonta ya faɗa kan takardar bango. Ta karanta a fili, na farko, na biyu, na uku, har da inda na soke tara na rubuta takwas.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne."

"Don me?"

Na yi mata bayani daga farko: yadda aka ƙara kuɗin, da mitar da ke kusa da lifta, da yadda lambobin suka ragu amma kamfanin bai rage ba tukuna.

"Oga direba, wane tsari kuke kai?"

"Tsari kamar yaya?"

"Ai biyu ne. Akwai na mita, akwai na ƙa'ida. Ɗauko takardarku in gani."

Na zaro ambulan daga ƙasan akwati. Ta buɗa har shafi na biyar, ta ɗora yatsa, ta bi da ni layi layi. Namu na ƙa'ida ne: kuɗi ɗaya kowane wata, ko ka kunna dare da rana ko ba ka taɓa makunnin ba. Mitar kowa tana tafiya, amma waɗanda suke ɗaya tsarin kaɗai ake yi wa kuɗi da ita. Abin da muka biya a shekarar farko rangwame ne na sababbin shiga, yana cika wata goma sha biyu ya koma cikakken farashi. Yarjejeniyar kuma da kanta take sabunta kanta, sai in mutum ya rubuta musu kwana talatin kafin ta ƙare. Wanda yake son ya fita ko ya sauya tsari a tsakiyar shekara, zai biya kuɗin wata uku na fasawa.

"Mu ma an ƙara mana," ta ce. "Mijina ya yi kwana biyu yana faɗa, daga baya ya ce tunda an biya a sha. Yarana da bargo suke kwana." Ta dubi bokitin, ta dubi fankar. "Wata nawa ke nan?"

"Uku."

Ta ninke takardar ta miƙo mini. Ta koma wurin Baba ta ce yau ba zai je aiki ba, za ta tafi da shi ya ga likita. Ya ce ba zai iya fashi ba, ido yana kansa. Ta ce takardar likita ba ta korar mutum, ta gargaɗi ce take kora. Sai ya ce a miƙo masa riga.

Washegari motata ba ta fito ba, sai na tafi ofishin kamfanin a Al Mirqab. Na shiga da niyyar in tambaye su dalilin da za su ƙara wa mutum kuɗi ba su sanar da shi ba. Ma'aikacin da na samu mutum ne mai haƙuri, yana Turanci a hankali don in gane. Ya ce sun aiko da saƙo tun kafin shekarar ta cika, ya faɗi watan. Na duba wayata a gabansa. Saƙon yana nan cikin tarin tallace-tallace, ban taɓa buɗe shi ba. Shi ke nan, wannan bakin ya mutu.

Na tambaye shi batun komawa tsarin mita. Ya danna, ya juyo mini da allon kwamfutar. Ya ce a watanni ukun nan fulat ɗinmu yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin sha a ginin. Da a tsarin mita muke, da abin da za mu biya bai kai ko tsohon farashin ba. In na biya kuɗin fasawa yau, muka ci gaba a haka, kafin shekara ta ƙare mun mayar da shi har mun fara cin riba. Ya ajiye fom da biro a gabana.

Ba zan ɓoye ba, raina ya yi fari. Ga mutumin kamfani da bakinsa yana cewa tsarina ya yi aiki. In na sa hannu, wata ukun nan ba su tafi a banza ba, takardar bango ta zama gaskiya, ni kuma ban zama wanda ya gasa dattijo a kan kuskure ba. Na ɗauki biron.

Abin da ya tsayar da ni shi ne na riga na sa hannu sau ɗaya ban yi tambaya ba. Na ce ya duba mini, in esin yana kunne wuni guda a watannin zafi fa? Ya sake dannawa. Ya ce to a nan na mita zai wuce na ƙa'ida a lokacin zafi, ya sauka a lokacin sanyi, a shekara su zo kusan ɗaya, kuɗin fasawa kuma ya tafi ke nan. Wato ribar duk tana cikin awa taran nan da Baba yake kwance a kan tayil. Na mayar masa da biron, na ninke fom ɗin na sa a aljihu, don gidan na mutum biyar ne.

Ranar Juma'a na jira aka gama cin abinci. Na ce ina da magana uku, ta farko laifina ne. Na faɗi yadda na sa hannu ban karanta ba, da yadda saƙo ya zo ban buɗe ba, da cewa duk kashewar da muka yi ba ta rage ko riyal ɗaya ba kuma da ma ba za ta rage ba. Sannan na juya wurin Baba.

"Baba, na cuce ka wata uku a kan abin da ban karanta ba. Takardun da aka ba ka a wurin aiki ni na jawo maka su. Ka yafe mini."

"Haba Malam, ai gyara ka nema. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Bakanon ya ɗauke tiren daga tsakiyarmu.

Magana ta biyu na ajiye fom ɗin a tsakiya na bayyana hanyoyin biyu yadda aka bayyana mini. Babban ɗan Bauchin ne ya fara magana.

"Ba rashin kunya ba, Baba, ka yi haƙuri. Amma mu sanyin rana ba ma shan shi, kuma da mu ake biya. Ƙarin nan daga abin da muke aikawa gida yake fita. In akwai hanyar da zai sauka, ni ina ganin a bi ta."

Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya musa masa.

"Ku koma na mitar," in ji Baba. "Ni na saba. Zafin ma ya kusa wucewa."

"Ka saba da bencin matsayar bas dai," in ji Bakanon. "Baba, nan gaba sai sun fara karɓar haya a wurinka."

Baba ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya ce to in ba haka ba, a ɗora masa ƙarin shi kaɗai, tunda shi ne mai sha.

Na ce magana ta uku ke nan. Yarjejeniyar da sunana take, kuma ba zan sa hannu a fom ɗin ba. Zafi zai wuce, amma zai dawo, kuma ko makon nan kaɗai ya isa a rubuta wa Baba takardar gargaɗi ta uku. 'Yan Bauchi su ci gaba da biyan tsohon kasonsu. Ƙarin ni zan ɗauka.

"Ka ji Bazazzage da son girma," in ji Bakanon. "Laifi nasa, tara ma tasa, mu ba za a bar mu mu samu lada ba. Raba biyu."

Baba ya ce a raba uku ko ya tashi daga wurin. Aka raba uku. Na ga ƙaramin ɗan Bauchin bai ji daɗi ba, kamar an nuna su ne masu ƙaramin hannu. Sun zauna da mu har ƙarshen shekara, sannan suka koma kusa da otel ɗinsu. Muna gaisawa har yau.

Na cire takardar daga bango a ranar, amma abin bai ƙare nan ba. A makon farko na leƙa durowa na ga lambobin ba su hau yadda ya kamata ba. Baba yana kashewa da kansa in ya ga rana ta ɗaga, wai ba ya jin daɗi a ce shi kaɗai yana kwance ana ta hura gida guda. Na ce masa, Baba, kuɗin nan an riga an cire, duk awar da ka kashe kyauta ka ba kamfani. Ya yi dariya ya ce shi kuwa ba shi da kyautar ba kamfani. Daga nan ya daina.

Takardun gargaɗin biyu suna nan a fayil ɗinsa, babu wanda zai cire su, kuma kwangilar aikinsa a watan Janairu za ta ƙare. Watannin nan na yi su cikin zullumi. Duk yammar da na dawo, kafin in cire takalmi sai na dubi hannunsa in ga ko akwai takarda a ninke. Jan idon ya washe, Sista ta ce jinin ya sauka, amma ban san abin da masu fayil za su gani ba in sun buɗe. Sanyi ya shigo, muka yi wata biyu ba mu taɓa makunnin ba, alat kuma yana shigowa cif, ko riyal bai ragu ba. Bakanon bai bar wannan ya wuce ba tare da ya tuna mini ba, kowane wata.

Wata Juma'a da safe a Janairu muna kicin ni da shi muna haɗa shayi, Baba ya shigo da ledar burodi mai zafi. Ya ajiye a kan tebur, ya zauna a kujera yana kwance igiyar takalmi.

"Sun kira ni ofis jiya kafin in kama aiki," ya ce.

Na ajiye butar.

"Sun sabunta. Shekara biyu."

Muka ce alhamdulillahi. Ya ce shugabansu ya ɗago takardun biyu ya tambaye shi me ya same shi a watannin nan, shi kuma ya ce ɗan ciwon kai ne, ya wuce. Ya sha shayi rabin kofi, ya gutsiri burodi, ya ce a tashe shi sha ɗaya saboda masallaci. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, mu kuma muka rage murya muka ƙarasa karyawa.